Yadda za ka auna tsohon ɗan wasan tanis ba tare da ka zalunce shi ba: mu ɗauki Nduka Odizor

Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa idan aka ambaci tsohon ɗan wasa tambayarmu ta farko ita ce kofi nawa ya ci, to wannan tambayar idan ka kawo ta tanis za ka zalunci mutane da yawa wallahi, don a kowace gasa mutum ɗaya tak ne ke komawa gida ba a doke shi ba, sauran duk sai an cire su, kuma babu wani kulob da zai ɗauke ka ya raba maka kofin da kana benci aka ci shi. Akwai mutanen da suka yi shekara goma suna zagaya duniya da raket, suna cikin gwanayen zamaninsu, amma kofinsu ɗaya ne ko ma babu. Don haka idan kana so ka yi rubutu a kan wani tsohon ɗan tanis, ko dai musu ake a majalisa kana so ka shiga da hujja, ga yadda za ka bi tarihin mutum ka gane nauyinsa na gaskiya. Zan riƙe Nduka Odizor a matsayin misali saboda namu ne, ɗan Najeriya, an haife shi a Legas a 1958, ana masa laƙabi da Duke, kuma har yau ba a samu ɗan Najeriyar da ya kai inda ya kai a wannan wasan ba.

Fara da lambarsa mafi girma a jadawalin duniya

Ka shiga shafin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, idan namiji ne, ko na WTA, takwararta ta mata, idan mace ce, ka rubuta sunan a wurin nema. Abin da za ka fara dubawa shi ne matsayi mafi girma da ya taɓa kaiwa da ranar da ya kai shi, kowane ɗan wasa an rubuta masa wannan a saman shafinsa. Na Odizor 52 ne, a watan Yunin 1984. To nan ne mutane ke taɓe baki, wai na 52, ai ko goman farko bai shiga ba. Malam tsaya tukuna. Ka ɗauki duk 'yan ƙwallon ƙafar duniya ka jera su, wanda ya zo na 52 a ina kake zaton yake wasa? Ai yana cikin manyan kulob ɗin Turai ne kuma da shi ake fara wasa. Haka abin yake a tanis sai dai a nan babu albashi, abin da ka ci a fili shi ne naka.

Ga ma'aunin da zai taimake ka. Manyan gasanni huɗu na shekara, wato na Ostareliya da Roland Garros na Faransa da Wimbledon na Ingila da US Open na Amurka, kowacce mutum 128 take ɗauka a wasan ɗaiɗai, kuma wajen 104 daga ciki da lambarsu ta jadawali suke shiga kai tsaye, 16 sai sun yi wasannin share fage, sauran kuma katin alfarma masu gasar ke ba su. Shi ya sa ɗari na farko ke da muhimmanci haka, ita ce iyakar da ke tsakanin wanda ke cin abinci da tanis da wanda tanis ke cin kuɗinsa. Wanda ya shiga 100 ƙwararre ne na gaske. Wanda ya zauna kusa da 50 ba ya neman alfarmar kowa kafin ya shiga babbar gasa. Goman farko kuwa wata duniya ce daban.

Amma kar ka tsaya a lambar kawai, ka duba tsawon zaman da ya yi a wurin. Shafin yana da tarihin jadawali na mako-mako, ka zaɓi shekarun ka gani, don akwai wanda ya yi sa'ar gasa ɗaya ya yi tsalle sama, bayan shekara maki suka zube ya koma inda ya fito. Dalili kuwa makin tanis na makonni 52 ne, abin da ka ci bara a wannan makon bana zai fita daga lissafinka, sai ka sake cin wani. A wurina wanda ya yi shekara biyar tsakanin na 60 da na 90 ya fi wanda ya leƙa na 30 wata biyu ya ɓace.

Sannan ka san cewa jadawalin kwamfuta na maza a watan Agustan 1973 aka fara shi, Ilie Nastase ɗan Romaniya ne na ɗaya na farko, na mata kuma 1975 da Chris Evert. Duk wanda ganiyarsa ta wuce kafin nan ba za ka same shi da lamba mai ma'ana ba. Kuma kafin 1968 ƙwararru masu karɓar kuɗi ba a barinsu su shiga manyan gasanni huɗun nan, shi ya sa Rod Laver ya cinye su duka a 1962, ya koma ƙwararre aka rufe masa ƙofa shekara biyar, da aka buɗe ya sake cinye su duka a 1969. Ka ga idan ka ƙirga kofunansa 11 ka ajiye kusa da na 'yan yanzu ba ka yi masa adalci ba.

Ka koyi karanta alamomin, ba su da yawa

A shafin ayyukan ɗan wasa za ka zaɓi shekara, sai gasannin su jeru da sunan wanda ya kara da shi da sakamako. R128 zagayen farko ne a babbar gasa, R64 na biyu, R32 na uku, R16 na huɗu, sai QF kwata fainal, SF na kusa da ƙarshe, F fainal, W kuma ya ci. Q a gefen suna na nufin ta share fage ya shigo, WC katin alfarma. Idan ka ga RET ɗaya daga cikinsu ya janye ana tsakiyar wasa, galibi rauni ne, W/O kuma ba a ma buga ba. Wannan na ƙarshen ka kula da shi don yana ɓoye labari, misali Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin Davis, gasar ƙasashe ta maza, a 1974 ba tare da an buga fainal ba saboda Indiya ta ƙi karawa da ita kan wariyar launin fata, a takarda dai kofi ne.

Sakamakon kansa set-set ake rubuta shi, maki ne ke haɗuwa su zama gem, gem-gem kuma su haɗu su zama set. 6-2 na nufin ya ci gem shida ɗayan ya ci biyu. 7-6 na nufin sun yi shida-shida sai da aka je raba gardama, ƙaramar lambar da ke biye kuma makin da wanda ya faɗi ya samu ne a raba gardamar. Maza a manyan gasanni wanda ya fara cin set uku ne ya yi nasara, a yawancin sauran gasanni biyu ne. Idan ka ci karo da abu kamar 21-19 a set na biyar ba kuskuren bugu ba ne, a da a wasu gasannin ba a raba gardama a set na ƙarshe, sai wani ya ba da ratar gem biyu ko da za a kwana, haka Younes El Aynaoui na Maroko ya yi da Andy Roddick a Ostareliya a 2003, shi kuwa wasan John Isner da Nicolas Mahut a Wimbledon 2010 a 70-68 ya ƙare bayan awa 11 da minti 5 cikin kwana uku. Daga 2022 duk gasanni huɗun suka koma raba gardama mai maki goma.

Yanzu buɗe shekarar da ya fi haskawa ka zauna a kanta

Wannan shi ne asalin aikin, kuma nan ne mafi yawan masu rubutu ke yin lalaci. Kowane ɗan wasa yana da shekara ɗaya ko biyu da idan ka fahimce su ka fahimce shi. Ta Odizor 1983 ce. Za ka ga an rubuta Wimbledon, zagaye na huɗu, shi kenan, layi ɗaya. To kar ka wuce, ka buɗe jadawalin gasar gaba ɗaya, yana nan a taskar shafin Wimbledon da ma Wikipedia, ka bi sunansa daga farko.

A zagayen farko Guillermo Vilas ɗan Ajantina aka haɗa shi da shi, wanda masu gasar suka ware a matsayin na huɗu, mutumin da ya riga ya ci manyan kofuna huɗu. Vilas ya ci set biyu na farko, saura ɗaya ya sallame shi, Odizor ya dawo ya ci uku a jere. Ka ga wannan ba ya cikin kalmar zagaye na huɗu, sai ka tona. Daga nan ya ci wasa biyu ya shiga cikin 16 na ƙarshe, inda Chris Lewis ɗan New Zealand ya cire shi. Nan ma kar ka tsaya, ka bi wanda ya cire shin ka ga ina ya tsaya, don faɗuwa a hannun wanda gobe za a yi waje da shi daban, faɗuwa a hannun wanda zai je ƙarshe daban. Lewis har fainal ya je a shekarar, John McEnroe ne ya tsayar da shi 6-2 6-2 6-2. Sannan ka leƙa gefe ka ga su wa aka cire a zagaye ɗaya da shi, sai ka tarar Jimmy Connors, mai riƙe da kofin kuma na ɗaya a gasar, shi ma a zagaye na huɗun Kevin Curren ya kore shi. Wato a Wimbledon ta 1983 yaron Legas da Connors wuri ɗaya suka tsaya. Wannan jimlar ta fi duk wani kirari da za ka yi masa, kuma babu mai ƙaryata ta.

Sai dai adalci ta kowane ɓangare ake yinsa. Idan kana so a yarda da kai ka faɗi abin da ke rage wa nasarar kaifi ma. Vilas gwanin filin jar ƙasa ne alhali Wimbledon a kan ciyawa ake buga ta, a 1983 kuma ya haura shekara 30, kuma a rayuwarsa bai taɓa wuce kwata fainal a Wimbledon ba. Amma kuma kar wani ya ce maka ai bai iya ciyawa ba kwata-kwata, don kofunan Ostareliya biyu da ya ci a 1978 da 1979 a kan ciyawa ne. Duka biyun za ka ajiye a gaban mai karatu.

A ƙarshen wannan shekarar dai Odizor ya ci gasar Taipei, ya doke Scott Davis ɗan Amurka a fainal, kuma shi ne kofinsa ɗaya na wasan ɗaiɗai a babban mataki. Idan ka haɗa Wimbledon ta tsakiyar 1983 da Taipei ta ƙarshenta sai ka gane me ya sa lambarsa ta kai ƙololuwa a tsakiyar 1984, makin duka biyun suna cikin lissafi a lokacin. Irin wannan haɗin shi ake so ka riƙa yi, lamba ba ta faɗowa daga sama.

Filin da ake wasa a kai

Tanis ba fili ɗaya ba ne. Ciyawa tana sa bal ta zame da sauri ba ta tashi sama, mai sabis, wato bugun farawa, mai ƙarfi da ke rugawa raga yana jin daɗinta. Jar ƙasa tana riƙe bal ta tashi sama, sai a yi ta musayar bugu, mai haƙuri da numfashi ke cin riba. Daɓen siminti tsaka-tsaki ne, shi muka fi sani a nan, irin wanda ake gasar Dala Hard Court a kansa a Kano. A zamanin su Odizor akwai na huɗu, kafet da ake shimfiɗawa a rufaffen ɗaki, mai sauri sosai, yanzu an daina amfani da shi a manyan gasannin maza. Shafin ATP yana raba maka nasara da faɗuwa fili-fili, ka duba za ka gane wane irin ɗan wasa ne tun kafin ka ga bidiyonsa. Pete Sampras da kofunansa 14 bai taɓa cin Roland Garros ba, Ivan Lendl da takwas bai taɓa cin Wimbledon ba, Rafael Nadal kuma 14 daga cikin 22 nasa a jar ƙasar Faris ya ci su.

Tarkon da ke nan shi ne gasannin sun sha canza fili. US Open ciyawa ce har 1974, ta koma ƙasa daga 1975 zuwa 1977, sannan siminti daga 1978, Connors ya ci ta a kan duka ukun. Ta Ostareliya ciyawa ce har 1987, kuma a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 manyan 'yan wasa da yawa ba sa ma zuwa saboda nisa da ƙarancin kuɗi da kuma lokacin da ake yinta a ƙarshen shekara, Bjorn Borg sau ɗaya ya taɓa buga ta. Idan ka ga babu komai a layin Ostareliya na 1986 kar ka ce mutum rauni ya ji, ba a yi gasar ba ne a shekarar saboda an matsar da ita daga Disamba zuwa Janairu.

Kar ka manta da wasan bibbiyu da wasan ƙasa

Mutane na raina wasan bibbiyu kuma kuskure ne, musamman a wancan zamanin da manya irin su McEnroe ke buga shi da gaske ba wai don motsa jiki ba. A shafin akwai maɓallin da za ka juya daga ɗaiɗai zuwa bibbiyu. Da ka juya na Odizor sai hoton ya canza, kofi bakwai, kuma ya kai na 20 a duniya a 1984. Wanda ya tsaya a kofi ɗaya ya rufe shafi ya bar rabin mutumin a baya.

Wasannin ƙasa kuma shafinsu daban, na kofin Davis yana da jerin duk wasan da mutum ya buga wa ƙasarsa. Sai Olamfik. Tanis ta fita daga wasannin da ake ba da lambar yabo bayan 1924, ba ta dawo ba sai a Seoul 1988, don haka duk wanda ya yi zamani a tsakanin nan kar ka tambaye shi zinare. A Seoul ɗin Najeriya ta je da Odizor da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi, mutum uku a wasan maza, ka tsaya ka yi tunanin wannan ka kwatanta da yau.

Maganar kuɗi

Shafin yana nuna jimillar kuɗin da mutum ya ci a rayuwarsa, kuma wannan lambar ta fi kowace yaudara. Na farko, zamani. Laver fam 2,000 ya karɓa da ya ci Wimbledon a 1968, McEnroe fam 66,600 a 1983, Carlos Alcaraz kuma fam miliyan 2.35 a 2023. A Wimbledon ta 2025 wanda aka cire a zagayen farko abin da ya tafi da shi ya kusa abin da McEnroe ya samu da kofin a hannu, a lamba dai, ban da faɗuwar darajar kuɗi. Na biyu, lambar ba riba ba ce. Ɗan tanis shi ke biyan tikitin jirginsa, shi ke biyan koci da tikitin kocin da masaukinsa, ga haraji da ake yanka a ƙasar da aka yi gasar, ga ɗinkin igiyar raket, idan ya ji rauni kuma babu ko sisi da ke shigowa. Na uku, kuɗin talla ba ya ciki, kuma shi ne ke raba ɗan babbar ƙasa da ɗan ƙasar da kamfanoni ba su damu da kasuwarta ba. Saboda haka kar ka ɗauki jimillar nan ka buga da canjin dala na yau ka ce ai attajiri ne, ko ka ce ai bai samu komai ba.

Ta ina ya shigo

Wannan ɓangaren ba ya cikin shafukan lissafi, sai ka nemi tsofaffin jaridu da hirarraki, kuma a ganina ga ɗan Afirka shi ne rabin labarin. Odizor yaron tsintar bal ne a kulob ɗin Ikoyi a Legas, a nan ya koyi wasan, wani malamin jami'a Ba'amurke ya ga hazaƙarsa ya taimaka masa ya tafi Amurka, ya yi wa Jami'ar Houston wasa har ya shiga sahun gwanayen ɗaliban ƙasar kafin ya zama ƙwararre. Ka lura da abin da wannan ke nufi a lissafi, wanda ya bi ta jami'a yana shiga fagen ƙwararru ne yana da shekara 22 ko sama, alhali su Borg da Boris Becker tun suna 17, 18 suke cin manyan kofuna. Idan ka ga shekarun wasan mutum sun yi gajarta ka duba ko karatu ne ya ci farkonsu.

Ka ajiye labarinsa kusa da na Yannick Noah za ka ga bambancin da gata ke kawowa. Shi Noah a Faransa aka haife shi a 1960, babansa ɗan ƙwallon ƙafa ne ɗan Kamaru, ya taso a Yawunde, a 1971 Arthur Ashe, fitaccen ɗan tanis Ba'amurke da ya ci Wimbledon daga baya a 1975, ya zo rangadin Afirka ya gan shi yana ɗan shekara 11, ya yi magana da hukumar tanis ta Faransa aka ɗauke shi zuwa cibiyar horo a Nice. Hukuma guda ta tsaya masa tun yana yaro. A 1983, makonni kaɗan kafin Odizor ya doke Vilas, Noah ya ci Roland Garros a kan Mats Wilander, kuma har yau shi ne namiji na ƙarshe da ya ci wa Faransa wannan kofin. Ba ina cewa da an ba Odizor irin wannan gatan da ya zama Noah ba, wannan babu mai iya rantsewa, abin da nake cewa idan za ka jera mutum biyu ka faɗi inda kowa ya fara gudu.

Tunda an ambaci Ashe, shi ma yana da labari da Legas wanda ya kamata mai bin tarihin tanis a ƙasar nan ya sani. Yana garin ana wata babbar gasa a watan Fabrairun 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammed, bayan 'yan kwanaki yana tsakiyar wasan kusa da ƙarshe da Jeff Borowiak sojoji suka shigo filin da bindigogi suka kore su. Wato akwai lokacin da zakaran Wimbledon ke zuwa Legas buga gasa, a cikin wannan yanayin su Odizor suka taso.

Idan ka ga giɓi a tarihin mutum, shekara ɗaya ko biyu babu wasa, kar ka yi saurin cewa ya lalace. Monica Seles ta ci manyan kofuna takwas kafin ta cika 20, a watan Afrilun 1993 wani ɗan kallo ya daɓa mata wuƙa a baya ana tsakiyar wasa a Hamburg, ta yi sama da shekara biyu ba ta buga ba, bayan ta dawo ɗaya kawai ta ƙara. Robin Soderling wanda ya fara doke Nadal a Roland Garros a 2009, ciwo ne ya tsayar da shi a 2011 yana cikin manya. Teburin lissafi ba ya rubuta dalili, kai za ka nemo.

Ka kalli bidiyo, amma da idon zamaninsa

YouTube cike yake da tsofaffin wasanni. Za ka ga kamar a hankali suke bugawa, kar wannan ya ruɗe ka. A farkon shekarun 1980 ake cikin sauyawa daga raket na katako mai ƙaramin kai zuwa na zamani, igiyoyin ma ba irin na yanzu ba ne masu sa bal ta juya kamar me, bal ɗin Wimbledon ma fara ce har sai 1986 aka koma ruwan ɗorawa. Abin da za ka duba shi ne sabis ɗinsa na biyu idan an matsa shi, yadda yake tare bal a raga, da abin da yake yi idan maki ɗaya ya rage a karya masa sabis, wato a ci gem ɗin da shi ke yin sabis. Minti ashirin na set na ƙarshe ya fi maka tarin gajerun bidiyon da aka tsinto bugu masu kyau kawai.

Bayan ya ajiye raket

Ɗan tanis yawanci yana gamawa ne tsakanin 30 da 35, wasu ma kafin nan, Borg yana 26 ya tafi, don haka rayuwar da ke gaba ta fi ta filin tsawo kuma dole ta shiga rubutunka. Noah ya zama kyaftin ɗin Faransa ya ci kofin Davis a 1991 da 1996 da 2017, ya kuma zama mawaƙi, ɗansa Joakim ya yi ƙwallon kwando a NBA. Sadiq Abdullahi karatu ya koma har ya yi digirin digirgir ya shiga koyarwa a Amurka. Ɗan Tony Mmoh, Michael, a Riyad aka haife shi kuma Amurka yake bugawa wasa. Ashe ciwon zuciya ne ya sa shi ajiyewa a 1980, ya kamu da cutar ƙanjamau ta hanyar ƙarin jini, ya rasu a 1993, babban filin US Open sunansa yake ɗauke da shi. Becker kuwa da ya ci Wimbledon yana 17 a 1985, kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye a 2017, a 2022 aka ɗaure shi a Ingila kan ɓoye kadara, ya yi wata takwas aka mayar da shi Jamus.

A wannan ɓangaren ne ake yawan zuba ƙarya, musamman a Facebook, wai wane ya talauce yana bara, wai wane yana da gidaje ɗari. Lissafin wasa kana da inda za ka tabbatar da shi, rayuwar mutum ta bayan fage kuwa sai abin da ya faɗa da bakinsa a hira, ko abin da kotu ta yanke, ko jarida mai suna ta buga. Abin da bai shiga ɗaya daga cikin ukun nan ba ka bar shi, ko da zai ja maka masu karatu, iyalan mutumin suna nan da ransu kuma suna karantawa. Ranar haihuwa da lambar jadawali ma ka gwada su a wuri biyu kafin ka saka, don bayanan shekarun 1970 da 1980 a shafin ATP wani lokaci suna da giɓi, musamman na ƙananan gasannin da aka yi a Legas da birnin Benin, waɗannan sai ka haɗa da shafin ITF, hukumar tanis ta duniya, ko tsofaffin jaridun gida idan kana da hanyar zuwa ɗakin karatu.